Kujerar Ƙarshe

Sau uku ke nan darakta yana maimaita wa babban ɗan wasa gulmar da ya yi masa cikin raɗa a kan dandamali. Ko "mai kan ƙwarya" da ya kira shi ba ta ɓace ba. Ɗan wasan ya rasa mai kai tsegumin, domin kullum darakta can saman zauren yake zama, a kujerar ƙarshe, nesa da kowa.

Zargin ɗan wasan ya sauka kan ƙanin matarsa, mai kula da fitilu. Ya daina amsa gaisuwarsa.

"Yaya, me na yi maka?" in ji ƙanin.

"Tambayi bakinka."

Ran nan da hantsi ɗan wasan ya hau matakala neman hularsa, har ya kai kujerar ƙarshe. Kujerun sun zagaye dandamalin kamar akushi, rufin ya lanƙwaso a kansu. Can ƙasa kafinta na gyaran katako. Ƙusa ta faɗi, ya ji ƙararta tamkar a tafin hannunsa.

Sai ga muryar kafinta tar a kunnensa, yana yi wa mai shara raɗa:

"Kin ga wancan? Bakinsa ya kai ƙararsa, ya bi ya ɗora wa bawan Allah."