Gidan Gaba a Motar Kurfi

Ran 1 ga Oktoba, 1960, mota ɗaya ce za ta kwashi mutanen Kurfi zuwa bikin 'yancin kai a Dutsin-Ma. Direba ya ce gidan gaba na wanda ya girmi kowa ne.

Baba Ilu, tsohon soja, ya ce shekarunsa sittin da shida. Iya Yahanasu mai ƙosai ta ce nata sittin da bakwai, da azumi take ƙirgawa. Aka kira Malam Atiku na firamare ya raba gardama.

"Iya, shekarar wata ba ta kai ta kalandar gwamnati tsawo ba. A lissafin gwamnati Baba ya girme ki."

"Wa ya kawo kalandar?"

"Turawa. Sunan Najeriya ma wata Baturiya ce ta raɗa, daga kogin Neja."

"Ba yau za su tafi ba?"

"Yau ne, Iya."

"To, suna mun riƙe, tunda an riga an raɗa. Kalanda kuwa su naɗe abarsu."

Tasha ta kaure da shewa. Kafin Baba Ilu ya lalubo sandarsa, Iya ta haye gaba ta leƙo ta taga.

"Ƙanena, hau baya, ka riƙe da kyau!"