Gaisuwar Alhaji Ma'aruf

Koriyar fitila ta kama a kan teburin magana. Alhaji Ma'aruf ya saɓa hannun babbar rigarsa a kafaɗa, ya yi gyaran murya. Na san gyaran muryar nan. Da shi yake buɗe jawabi a wajen suna, kuma shinkafa takan huce kafin ya rufe.

Muna ɗakin taron kwamitin da ke kula da filin wasan zamiya a kan ƙanƙara na unguwarmu, a garin Greensboro na ƙasar Amurka. Ranar za su yanke shawara, ko filin ya ci gaba da zama a hannun hukuma, ko a miƙa wa wani kamfani. Duk mai magana minti uku ake ba shi. Jar fitila na kamawa a kashe makirufo, ko kai ɗan waye. Minti ukun nan nawa ne, don ni na je na ba da sunana.

*

'Yata Rahama shekararta tara, kuma magana ba ta dame ta ba. Likitocin nan suna da sunan da suka sa wa abin. Mutanenmu kuwa suka ce iska ce, wasu har da ba ni shawarar in daina fita da ita taro. Ƙarar injin markaɗe kan sa ta toshe kunnuwa ta yi ta ihu. Ba ta son a taɓa ta, har ni da na haife ta.

Tabitha, wata 'yar Jos da muke ɗaga kwalaye tare a wani sito a titin Wendover, ita ta ce in gwada filin. Duk safiyar Asabar ta yara irin Rahama ce: a kashe kiɗa, a rage fitilu, ba mai kallon ɗan wani. Dariya na yi. Ni da ban san ƙanƙara ba sai a cikin zoɓo? Amma na kai ta. Ta sha faɗuwa har gwiwoyinta suka yi baƙi. Wata Asabar sai ta saki ƙarfen gefe, ta tafi sululu har tsakiyar fili, ta buɗe hannuwa ta juyo.

"Mama, look."

A nan na durƙusa na yi kuka, Turawa na miƙo mini tishu.

Kamfanin bai ɓoye komai ba. Zai gyara rufin da ke yoyo, wannan gaskiya ne, rufin yana yoyo. Amma safiyar Asabar za ta koma hannun ƙungiyoyin wasan hoki, masu kama fili da kuɗinsu. Shi ya sa na yi ta haddar jawabina da Turanci, a mota, a banɗaki, a kan tukunya. Gajere ne: ga 'yata, ga abin da filin ya yi mata, ku bar mana safiyar nan.

Sai mijina Garzali ya kai labarin masallaci.

"Alhaji ya ce zai zo meeting ɗin," in ji shi da ya dawo. "Shi zai yi magana da yawunmu."

"Yawun wa? Ya taɓa taka ƙanƙara?"

"Haba Suwaiba. Shugaban ƙungiyar mutanenmu yana zaune, ke ki miƙe? Me za a ce?"

"Abban Rahama, three minutes ne fa kawai."

"To ki gaya masa abin da zai faɗa."

Kada a ce na ci naman bawan Allah: Alhaji mutumin kirki ne. Shi ya ɗauko mu daga filin jirgi ranar da muka sauka ƙasar nan, katifarmu ta farko daga garejinsa ta fito. Na je har gida na yi masa bayani, yana gyaɗa kai.

"Kwantar da hankalinki, 'yata," ya ce. "Ba a shiga wa manya da gaggawa. Mu muka san kansu."

*

Ya gaishe da shugabar kwamiti. Ya gaishe da sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da muƙaminsa, don sai da ya yi bincike kafin ya zo. Ya gode wa ƙasar Amurka da ta karɓi baƙuncinmu. Ya yi wa wani daga cikinsu ta'aziyyar mahaifiyarsa, mutumin ya dafa ƙirji, da gani abin ya taɓa shi. Sannan ya ɗauko tarihin ƙungiyarmu daga tushe.

Na yi tari. Na sake yi. Garzali ya taka mini ƙafa. Rahama na gefena da abin toshe kunne, tana kaɗa jiki gaba da baya.

"Now," in ji Alhaji, "concerning our children..."

Ja ta kama. Bakinsa ya ci gaba da motsi, amma ba a jin komai.

"Thank you, sir," in ji shugabar, da murmushi. "That was lovely."

Wakilin kamfani ko sallama bai yi ba, ya zube maganarsa ya zauna. Iyayen yara 'yan hoki daga unguwar Sedgefield suka bi layi, kowa na kukan 'ya'yansa ba sa samun lokacin atisaye. Tabitha tana bakin aiki, an hana ta canjin lokaci. Har aka ɗaga hannuwa don yanke shawara aka sauke, ba wanda ya ambaci yaran safiyar Asabar. Ina zaune, jawabina na cikin bakina kamar lomar tuwo mai zafi, ba tofarwa ba haɗiyewa.

Wataƙila da ma sun gama shawararsu tun kafin mu shigo. Wataƙila ko na yi magana haka za a yi. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, wannan ne ke cin raina.

A waje Alhaji ya ɗauki hoto da 'yan kwamiti. Kafin mu isa gida hoton ya zagaye zauren ƙungiya a waya, ana ta cewa Allah ya ƙara girma, ya fitar da mu kunya. Da ya kira ya ji mun sauka lafiya, sai ya ce, "Kin ga yadda suka karrama mu?"

"Allah ya saka da alheri, Baba," na ce. To me zan ce?

*

Asabar ta farko bayan an miƙa filin, Rahama ta tashi da wuri ta sa rigar sanyinta ta tsaya a bakin ƙofa. Na yi mata bayani da Hausa, na yi da Turanci. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe a tsaye, sannan ta cire takalmi ta shiga kicin da safa.

Ta ja da baya har jikin bango, ta taho da gudu ta zame a kan tayil, hannuwa a buɗe. Kafin ta gama buɗe su ta bugi firij. Ta koma ta sake. Maƙwabcinmu na ƙasa ya fara dukan silin da sanda.

Na tashi na janye kwandon shara daga hanya, don ta samu ƙarin taku ɗaya.