Littafin Tashin Baba Alfari

"Kumandan! Tayar hagu lafiya? Ka ba mu izni mu tashi?"

Dodo ne ya faɗa daga bencin da direbobi ke zama a ƙofar gidan Mutari, sauran suka kwashe da dariya. Baba Alfari bai waiwayo ba. Ya ci gaba da zagaya babbar motar kayan nan, kamiyon Mutari, ɗan ƙanensa, yana dafa kowace taya yana leƙa ƙarƙashi, kamar yadda yake yi duk ranar da motar za ta kama hanyar Kwatano. Ina tsaye da bokiti a bakin famfo, na sunkuyar da kai.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Baba Alfari ya dawo Gaya da akwati guda, bayan kamfanin da ya yi wa aiki ya rufe, Mutari ya ba shi ɗakin jikin zaure. Ya ce shi matuƙin jirgin sama ne. Unguwa ta dube shi, ba mata, ba ɗa, ba ko keke, ta yanke cewa dako ya yi a filin jirgin Yamai. Don tsokana ake ce masa Kumandan.

Da na gama jami'a na dawo gida zaman jiran aiki, sai ya fara aikowa a kira ni, don idonsa ya daina ganin rubutu. Wani littafi mai baƙin bango yake ba ni in karanta masa. Kowane layi tafiya ɗaya ce: rana, garin tashi, garin sauka, awoyi, sa hannu da hatimi. Sunansa na kan kowane shafi.

"Damagaram zuwa Agadas," in karanta.

"Tsaya nan, Salima. Ranar da zafi har jirgin ya ƙi barin ƙasa. Masu farfela ba sa son tsakar rana, sai ka lallaɓa su." Sai ya rufe ido. "Farkon shigata jirgi fasinja ne ni, ina ɗan shekara sha huɗu, za a kai mu lakwal, makarantar boko. Aka ba mu auduga mu toshe kunne, da alewa ɗai-ɗai. Farfelar gefena ta yi tari, ta fesa hayaƙi. Wata tsohuwa ta riƙe mini hannu tana salati har Yamai. Da muka sauka na ga matuƙin ya sake zagaya jirgin da ƙafa yana taɓa shi. Ba a hawa sai an zagaya, 'yata. Shekara ashirin da shida ban tsallake ko sau ɗaya ba."

Wata Laraba ya riƙe littafin bai miƙo mini ba.

"Jibi bayan la'asar duk suna bencin nan. Ki fito ki karanta musu shafi ɗaya. Ɗaya tak. Ni in na faɗa, ƙarya ce. Ke kin yi jami'a, za su ji."

Na ce to. Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba.

Ranar Juma'a ya sa farar riga mai igiyoyi a kafaɗa, wadda ajiya ta mai da ruwan ƙasa, da hular aikinsa. Ya jawo kujera ya zauna gaban direbobin. Na fito da littafin a ƙirjina.

"A'a!" in ji Dodo. "Jama'a ku ɗaura bel, ga madamazel ta zo raba alewa!"

"Baba, don Allah ka daina kunyata mu a bakin titi," Mutari ya ce, bai ko ɗago daga wayarsa ba.

Na buɗe shafin. Idanu wajen goma suna kaina. Na ga layin, na san abin da ke ciki. Wani ya kwaikwayi ƙarar farfela da leɓɓansa.

"Saƙo ne na kawo masa," na ce. Na aje littafin a cinyarsa na shige gida.

"Kumandan, fasinjarka ta sauka tun ba a tashi ba!" Har tsakar gidanmu ina jin dariyar.

Washegari kamiyon ya tafi ba wanda ya zagaya shi, don Baba Alfari ya kwanta ciwo. Ajuma, matar Mutari, ta ce wa innata tsufa ne kawai, ba sai an kai shi likita ba. Sai ranar Litinin na iya shiga. Yana kwance, ƙoƙon kunun safe na gefe da ƙudaje a kai.

"Baba, ka yafe mini."

"Ba komai, 'yata. In iska ba ta yi kyau ba, akan ɗaga tafiya. Juma'a mai zuwa."

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Kafin azahar an kai shi. Bayan sadakar uku aka rabar da tufafinsa kamar yadda aka saba, hular ta faɗa hannun Dodo, yana sa ta in zai tuƙa. Ɗakin kuma aka cika shi da buhunan albasa.

Na tambayi Ajuma littafin.

"Wane littafi? Tsofaffin takardun nan? Ai sun yi amfani, ba su tashi a banza ba."

Ajuma tana suyar kifi a bakin hanyar gada. Ranar Juma'ar da ta biyo baya da la'asar na je na tsaya gaban kaskonta na ce ta ba ni ɗaya. Ta miƙa hannu ƙarƙashin tire, ta yago shafi, ta naɗe mini.

Na koma gindin katangarmu na warware. Mai ya ratsa takardar har ana ganin yatsuna ta bayanta. Hatimin ya narke, amma layi ɗaya ya tsira. Tawa zuwa Yamai, awa ɗaya da minti ashirin, kumandan Alfari Sumana. Na karanta shi a fili, a hankali. A can benci suna gardamar kuɗin man gazuwal, kifin yana hucewa a hannuna.