Yatsa Uku Daga Gindin Bindiga

Jikata Vesela ta ce tana son koyon harbi, ni kuma na sauko da bindigar mahaifina daga bango na ɗora a kan tebur.

Shekararta goma sha takwas a lokacin. Ta ci jarrabawar takardar farauta a birnin Plovdiv ba ta gaya wa kowa ba, sai da takardar ta fito. Ubanta, wato ɗana Nedelko, bai ji daɗi ba. Ni kuwa na yanka mata zakara.

Gida bakwai ne ke fitar da hayaƙi a ƙauyenmu, sauran duk an kulle. Tun da matata Stanka ta rasu, daga ni sai kare a gidan. Nedelko yakan zo sau biyu a shekara, ya duba rufi, ya tambaye ni ko ina shan magani, ya tafi kafin rana ta faɗi. Amma daga watan tara Vesela ta fara zuwa kowace Asabar. Ta zo a motar safe, ta koma a ta yamma. Ni da nake cin abinci a tsaye a bakin murhu, sai ga shi na koma shimfiɗa tebur. Ranar Juma'a nake jiƙa wake saboda ita. Sauran kwana shidan ba na magana da kowa.

Asabar huɗu ban bar ta ta taɓa harsashi ba. Na koya mata yadda ake karya bindiga, wato a buɗe ta a tsakiya, kafin a tsallake shinge, da inda ake ajiye ƙafa, da cewa ba a nuna baki ga abin da ba a niyyar kashewa. Na ba ta sandar tsintsiya ta riƙa bin tsuntsaye da ita a bayan gida.

"Kaka, takarda gare ni fa," in ji ta. "Gwamnati ta yarda in yi harbi, kai ka ba ni tsintsiya."

"Gwamnatin ta taɓa ganin makwarwa?"

"Kai ka taɓa ganin gwamnatin?"

"Ɗaga gwiwar hannunki, mai baki."

Bindigar mai baki biyu ce, lamba goma sha biyu, mai nauyi. A ƙarshen katakon gindinta akwai harufa biyu da aka yanka da wuƙa. Na sama na mahaifina Petko ne, na ƙasa nawa. Haka ake yi a gidanmu: ranar da bindiga ta zama taka, ka sa harafin sunanka. Aji uku na yi a makaranta, kuma wannan harafin shi ne rubutu mafi kyau da na taɓa yi. A ƙarƙashinsa akwai fili da na bar wa Nedelko.

Bai cike shi ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar na ɗora masa ita a kafaɗa a gaban mutanen farauta, baki biyun duka da harsashi a ciki. Tsoro ya sa ya ja kunama biyun lokaci ɗaya. Ta watsar da shi a cikin taɓo, hanci yana jini. Mutane suka yi dariya. Na ce masa ya tashi, kada ya kunyata ni. Ya tashi. Bai sake taɓa bindiga ba.

Asabar ta biyar na miƙa wa Vesela ita babu harsashi. Ta ɗaga. Bakin ya riƙa sunkuyawa ƙasa, ta jawo kanta baya don ta tare nauyin, yatsanta da ƙyar yake shafar kunama.

"Za ki saba," na ce.

"Mu je wajen Dobri ya gani. An ce shi ke auna wa mutane bindiga."

"Wa ya auna mini?"

"Kai ai da tsawonka aka haife ka, tsoho. Mu je mana."

Na naɗe bindigar a bargo muka shiga motar gari.

Dobri mai gyaran bindiga ne, shagonsa yana bayan tasha. Na girme shi da shekara shida, mun yi farautar aladen daji tare tun ƙafafunmu suna da kyau. Yanzu tabarau biyu yake sawa, ɗaya a kan ɗaya.

"Kai, Yaya Trifon! Ashe kana nan? An ce mini kare ne ke riƙe da gidan yanzu."

"Ya fi ka hankali."

"Wannan fa? Ba dai taka ba ce, ta yi kyau da yawa."

"'Yar Nedelko ce. Duba mata wannan."

Ya warware bargon, ya karya bindigar, ya leƙa cikin bakin ta wajen haske. Sannan ya ce Vesela ta lanƙwasa hannun dama. Ya dasa gindin bindigar a cikin lanƙwasar gwiwar hannunta, ya ce ta miƙa yatsa zuwa kunama. Yatsan bai kai ba. Ya jera nasa yatsun a ratar da ta rage.

"Uku," in ji shi. "Ta yi mata tsawo da yatsa uku. Ga nauyi. Wannan ai sai jaki."

"Shekara sittin ina ɗaukarta."

"Abin da na ce ke nan."

Vesela ta ƙyalƙyale da dariya, sannan ta dube ni ta haɗiye.

Dobri ya shiga ciki ya fito da wata siririya, lamba ashirin, gindinta da roba mai laushi. Ya ce ta rufe ido ta ɗaga, sannan ta buɗe. Ta yi. Bindigar ta hau kafaɗarta ta zauna, kuncinta a kan katako, idonta a kan layi. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Kunnuwanta har sun yi ja don daɗi.

"Wadda mutum zai fara da ita ke nan," in ji Dobri. "Ba ta naushi, ba ta gajiyar da hannu. In ta fara da mai naushi, za ta riƙa runtse ido kafin ta ja, kuma wannan ciwon ba ya warkewa. Akwai fili a bayan gidan ƙwallo, yara irinta suna harbin farantin da ake cillawa sama kowace Asabar. Ni nake tsaya musu."

Kalmar Asabar kawai na ji.

"Faranti," na ce. "Ana cin faranti ne? Bindigar da inji ya tofo guda dubu a rana, babu sunan kowa a kanta."

"To a yanke taka mana. Yatsa uku, in sa mata roba. Nauyin dai yana nan."

Na dubi inda ya sa yatsa. Daidai kan harufan ne.

"Ba a yanke ta."

"To rataye ta a bango, Yaya. Ta riga ta cinye maka ɗa ɗaya, kada ka ba ta jika."

Na naɗe bindigata na fita. Vesela ta same ni a tasha, ina zaune a benci da bargon a kan gwiwa. Ta zauna kusa da ni, ta saya mini burodi mai cuku, ban ci ba.

"Kaka, ba fa na ce ba na son taka ba ne."

Na gyara bargon a kan gwiwata.

"Zan zo Asabar," in ji ta.

"Motar ba tawa ba ce. Kowa yana shiga."

Litinin da Talata bindigar tana kan tebur, ina zagaye ta. In ɗauka, in ajiye. An yi ruwa kwana biyun, babu wanda ya bi ta hanya, ko mai kawo burodi bai hau ba. Ranar Laraba da safe na kai ta rumfar itace. Na naɗe katakon da tsumma, na matse shi a mamatsin ƙarfe, na jera yatsuna uku daga ƙarshe, na ja layi da ƙusa. Na wasa zarto.

Katakon ya bushe shekara da shekaru, ya yi tauri kamar ƙashi. Na ɗauki lokaci. Da guntun ya faɗi ƙasa, kare ya je ya shinshina, na kore shi. Na ɗauka na duba. Harafin mahaifina da nawa duk suna kai, da filin Nedelko. Na sa a aljihun riga.

Na goge bakin yankan da fasasshiyar kwalba har ya yi sumul. Na yanko fata daga tsohon takalmi, na cusa ulu a ciki, na kafa da ƙananan ƙusoshi don ya rage mata naushi. Na shafa mai. Aikin ya yi kyau, Dobri ba zai fi haka ba.

Da la'asar na fita bayan gida in gwada. Na sa harsashi ɗaya, na ɗaga yadda na saba, na ja. Gindin ya yi mini gajarta. Babban yatsana ya dawo ya daki hancina, na ji ɗumin jini a leɓe. Na tsaya ina kallon dutse har ƙarar ta gama dawowa. A nan na gane ba tawa ba ce kuma. Ko na so, ba zan sake farauta da ita ba. Na ce ba komai, ai ta yarinya ce.

Na naɗe ta a bargo na ajiye a kan gadon Stanka, na ja ƙofa. Niyyata in bar ta ta ci abinci tukuna, sannan in ce ta shiga ta ɗauko mini abu a kan gado. Ranar Juma'a na jiƙa wake.

Motar safe ta zo ranar Asabar, ta sauke buhun gari da wata tsohuwa, ta juya. Na tsaya a bakin shinge har ta ɓace a kwana. Na koma na rage wutar murhu.

Wajen tsakar rana na ji wata mota tana hawowa. Ta Nedelko ce. Ba lokacin zuwansa ba ne. Vesela ta fito daga baya da doguwar jaka baƙa a rungume, tana murmushi tun daga nesa. Shi kuma ya fito yana kaɗa makulli.

"Sannu, Baba. Me ya sami hancinka?"

"Ƙofa."

Ta ɗora jakar a kan teburin da na shimfiɗa, ta ture kwanukan gefe, ta zuge. Siririyar nan ce ta shagon Dobri.

"Baba ne ya saya mini," in ji ta. "Ka ji fa, Kaka. Baba! Da ƙafarsa ya shiga shagon."

"Tunda ta nace," in ji Nedelko, yana kallon taga, "gara wadda ba za ta ji mata ciwo ba."

Ta ɗaga kai ta ga ƙusar bango babu komai.

"Ina tsohuwar?"

"Na ajiye."

"Gara haka, Baba," in ji Nedelko a hankali. "Ta isa hutu."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da da faɗa ne, da na san abin da zan ce. Ƙofar ɗakin Stanka tana bayansa, taku huɗu daga inda nake. Guntun katakon yana aljihuna, ina jin gefensa a haƙarƙari.

Vesela ta haɗa bindigar da kanta, ta karya ta yadda na koya mata, baki ƙasa. Ta ciro harsashi ɗaya daga kwali.

"Ko sau ɗaya ba a harba ta ba," in ji ta. "Dobri ya so ya gwada, na hana. Shi ya gaya mini al'adarku. Ya ce a nan mai sabuwar bindiga ba ya fara harba ta, babba ne ke buɗe ta, ya yi harbin farko wajen dutse. Kuma wanda ya buɗe, shi ke shiga daji da mai ita shekarar farko. Haka ne?"

"Haka ne."

"To ga ta. Ka buɗe mini."

"In ba ka jin daɗin jikinka, Baba, ba dole," in ji Nedelko. "Dobri ya ce zai buɗe mata, ta riƙa zuwa filinsu ranar Asabar. Ya ma fi mata kusa."

"Baba, don Allah yi shiru." Ta matso, bindigar a hannu ɗaya, harsashin a tafin ɗayan. "Haba, tsohona. Harbi ɗaya ne. Wake yana hucewa."

Na dubi bindigar. Katakonta fari ne, sumul, babu ko ƙwarzane. Na san in na miƙa hannu, Asabar ɗina suna nan har dusar ƙanƙara ta narke. Na san kuma abin da zai biyo baya in ban miƙa ba. Nedelko yana tsaye yana jira ya ga na karɓa, ya ga na yarda tawa ta gaza.

Na mayar da hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya.

"Ba zan buɗe ba," na ce. "Ku kai wa Dobri."