Ruwa a Tayar Baba

Mai faci na tsugune a gindin taraktar Baba yana gyara zaman jak lokacin da Auta ta shigo gonar da 'yar motarta. Baba na tsaye a kansa riƙe da tiyo, yana ba da umarni kamar shi aka ɗauko aikin.

"Juya tayar, bawul ɗin ya koma sama. Sama sosai, ba gefe ba."

"Baba, da wannan aikin nake cin abinci fa," in ji mai facin, yana shafa alli a jikin tayar daidai bawul.

"Kana ci da shi, amma ba ka taɓa hawa ba."

Auta ta gaishe su ta koma inuwar rumfa ta tsaya. Makullin taraktar ta zo karɓa, kuma tun a hanya take jin kamar an aike ta sata. Makon da ya wuce Baba ya cika cebur ɗin gaba da taki ya nufi gangare, sai tayoyin baya suka ɗaga suka bar ƙasa. Allah ya tsare, taraktar ta koma ta zauna. Maƙwabci ya gani ya kira Yaya, Yaya kuma ya kira ta. Shi dai Yaya, daga nesa komai mai sauƙi ne a wurinsa. "Ki je ki karɓe makullin, ke yake jin maganarki," ya ce. "Kada mu jira sai an kira mu da mugun labari."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ta zaɓi taraktar. Da gwiwar Baba ta hagu ta daina iya taka kuloci, ita ta yi ta yawo har ta samo wannan 'yar ƙaramar, wadda ba giya ba kuloci, mai ne ke tura ta. Feda biyu gare ta, ɗaya gaba, ɗaya baya. Ranar farko Baba ya raina ta, ya ce keken yara ce. Washegari ba a samu ya sauko ba sai da rana ta faɗi.

"Auta, matso ki ga maganin abin da yayanki ke ta da jijiyar wuya a kai," in ji Baba. "Bayanta ne ba nauyi. Ruwa za mu ɗura wa tayoyin baya, ta zauna da gindinta."

"Ruwa a taya, Baba?"

"Ke ba ƙarin ruwa kike yi wa mutane a asibiti ba? To, ita ma yau layinta ya zo."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Mai facin ya saki iskar tayar, ya haɗa tiyo da bawul, ya jefa ɗaya bakin cikin duro, inda aka gauraya ruwa da maganin tsatsa. Ƙaramin famfo ya soma gurnani. Can sai a tsayar da shi, a bar iskar da ta taru ta fita da shiii, sannan a ci gaba. Aiki ne na haƙuri, kuma Baba yana jin daɗinsa. Yana ƙwanƙwasa tayar da bayan sifana, yana kasa kunne, yana nuna wa Auta inda ruwan ya kai.

"In cika ta taf?" mai facin ya tambaya, yana ƙifta wa Auta ido. "Har da na gaba, mu yi mai gaba ɗaya?"

"Ka ji shi ko? Iya bawul za ka tsaya. In ba ka bar mata iska a sama ba, dutse za ta zama, ta ƙarasa min bayan nan. Na gaba kuwa kada ka ko kalle su. Wannan ba irin tsohuwata ba ce. Nauyi ya yi mata yawa, man ya ɗau zafi, ta kama kuka a tsakiyar aiki."

Auta ta zuba masa ido. Tun rasuwar Mama ba ta ga fuskarsa ta sake haka ba sai a kusa da wannan taraktar. Tausayinsa ya kama ta, ta kuma ji haushin Yaya.

Da aka gama da taya ta biyu aka sauke jak, Baba ya hau. Ya ɗebo taki, cebur cike, ya sauke shi ƙasa-ƙasa, ya bi gangaren nan dai da ya tsorata kowa. Taraktar ta sauka a natse, bayanta liƙe da ƙasa, ta juyo ta hauro. Mai facin ya tafa masa, ya ɗaure kayansa a babur ya tafi. Auta ta riga ta yanke shawara. Za ta ce wa Yaya an gyara, kowa ya kama bakinsa.

Baba ya zubar da takin, ya tsaya a ɗan tudun da ke gaban rumfa, ya kashe injin. Ta ga hannunsa na dama ya kai tsakanin gwiwoyinsa, inda sandar giyar tsohuwar taraktarsa take, ya ɗan tura iska, ya dawo. Haka ya saba tun ba a haife ta ba, a bar tarakta a giya, ta tsaya cak. Wannan kuwa, in an kashe ta ba abin da ke riƙe ta sai birkin hannu. Ya zare makulli, ya sauko yana murmushi, ya zo ya tsaya a bayan tayar, ya juya wa taraktar baya.

"To, likita, me kika gani?"

Ta buɗe baki za ta amsa, idonta ya faɗa kan allin da ke jikin tayar. Yana motsi. A hankali yake gangarowa, kamar hannun agogo, tayar na matsowa wajen ƙafar Baba.

"Baba, ɗan matso nan," ta ce, ta kamo hannun rigarsa.

Sai a lokacin ya ji abin da ita ma take ji, ruwan da ke cikin tayar yana ɗan motsi, ƙulum, ƙulum. Ya waiwaya. Ya zagaya ta gefe, ya miƙa hannu ya ja birkin, taraktar ta tsaya. Ya daɗe a wurin, hannunsa a kan birkin, yana kallon sawun tayar da ya hau kan sawun takalminsa.

Da ya dawo, makullin na tafin hannunsa.

"Na san abin da ya kawo ki tun da kika ƙi zama," ya ce. "Ungo. Ki gaya wa yayanki ruwan ya zauna daidai. Taraktar ba ta da laifi."

Abin da ta zo nema ke nan, ga shi a hannunta, kuma ba ta taɓa riƙe abin da ta tsana kamarsa ba. Ta dubi taraktar, ta dubi takin da ya rage a bakin gona. Sai ta tattare gefen zanenta ta hau.

"Wacce ce fedar gaba?"

Baba ya dubi ƙafarta. Sannan ya nuna da sifana.

"Waccan. Ki taka a hankali, ba motarki ba ce."

Ta tayar da injin, ta saki birki. Taraktar ta zabura, ta tsaya, ta sake zabura. Baba na biye da ita a gefe yana ɗingishi yana faɗa, wai wa ya ba ta lasisi, wai ranar Asabar ta zo da wuri, takin nan ba zai kwashe kansa ba. Da ƙyar ta shigar da ita rumfa, ta kashe, ta zare makullin. Ta sa ƙafa za ta sauko ke nan ya ɗora hannu a gwiwarta.

"Birkin hannu, Auta," ya ce.