Motar da Kawu Hamajoda Ya Zaɓa

"Janye ta daga ƙofar gidana," in ji Kawu Hamajoda. "Wannan ai ta kai amarya ce."

Yana zaune kan kujera an tokare shi da matashi biyu, doguwar sandar fatsarsa a kan cinya. Motar da yake kora ta 'yarsa Dijatu ce, fara ƙal, jiya ta tuƙo ta daga Garwa. Ni kuwa Yawuba, da muke katanga ɗaya da shi shekara goma sha tara, tun safe nake zaga Poli ina jawo masa motoci kamar dillali.

Shekara talatin Kawu ya yi yana raka baƙi kogin Faro. A wurinsu ya koyi irin fatsarsu da ba a sa mata tana. Gashin zabo ake ɗaure wa ƙugiya da zare har ta yi kama da ƙwaro, a yi ta kaɗa igiya a sama, gaba da baya, kafin a sauke ta kan ruwa. Mu dai dariya muke masa. Da likita ya sallamo shi ya ce a kai shi gida a yi ta addu'a, abu ɗaya ya nema: ya jefa fatsa a Faro kafin ruwan farko ya sauka, don da ya sauka hanya ta rufe sai kaka. Kowa ya san ba zai ga kaka ba, shi ma ya sani.

"Baba, tana da sanyi a ciki," Dijatu ta ce. "Kujerar ma kwantawa take."

"Yawuba, sa hannu ƙarƙashinta ka auna mini."

Na durƙusa na auna. Da kyar ta kai taƙi ɗaya daga ƙasa.

"Ka gani? Dutsen farko zai farke mata ciki."

Ta biyu jif ce ta Alhaji Bobbo mai shagon siminti. Sai da na yi masa magiya har bakina ya bushe kafin ya ba ni makulli. Doguwa, tayoyi sababbi, ba ramin da zai tsayar da ita. Kawu ko matsowa bai ce a yi da ita ba.

"Tana da rufi."

"Haba Kawu! Mota ba rufi, kwale-kwale ce?"

"Na ce tana da rufi."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata tsufa da ciwo sun haɗu sun taɓa masa kai. Don haushi na je na ɗauko akori-kurar Sali mai jigilar doya, wadda ƙofarta ɗaya da igiya ake ɗaure ta, na faka a gabansa ina jira ya zage ni. Sai ya ce in sauke murfin baya in zauna a kai. Na zauna. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Wannan ce."

Dijatu ta fashe da kuka. "Baba, a bayan wannan? Hanyar nan kashe ka za ta yi!"

"Gadon ma ai aikin da yake yi ke nan, Dija. Shi dai ba ya zuwa ko'ina."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta shiga ciki. Na zaci fushi ta yi, sai ga ta ta kinkimo katifa ita kaɗai.

Bayan azahar muka kama hanya, ni a sitiyari, ita a baya tana riƙe masa lema. Hadari ya riga ya haɗu a gabas. Duk ramin da na faɗa sai na ji shi a ƙirjina. A wani busasshen rafi tayoyi suka nutse a yashi, na taka mai har inji ya fara ƙauri. Dijatu ta buga mini gilashi.

"Ya ce kai direban banza ne. Ka rage iskar taya."

Na rage, muka fita sumul.

Da la'asar muka iso bakin Faro. Na zo zan ɗauko shi, ya ɗaga hannu.

"Ƙafafun nan sun gama nasu. Juya motar, ka yi baya-baya har taya ta taɓa ruwa."

Na yi yadda ya ce. Muka zaunar da shi kan murfin baya, ƙafafunsa na lilo saman ruwa, babu komai a samansa da zai tare igiya. Nan na gane zancen rufi, kunya ta kama ni.

Jifan farko a gabansa igiyar ta zube. Na biyu ma haka. Ya daɗe yana haki, har na ce ko in jefa masa, ya watso mini harara. Dijatu ta hau motar ta zauna a bayansa, ya jingina da ita, ta tallafe masa gwiwar hannu. Ya kaɗa sandar baya, ya kaɗa gaba, ya saki. Igiyar ta miƙe fyau, gashin zabon ya sauka can kusa da wani dutse, ko motsi ruwan bai yi ba.

"Kin gani?"

"Na gani, Baba."

"To ku yi shiru. Kifin tsage ba ya son surutu."

Muka yi shiru. Ina kallon leɓɓansa suna motsi a hankali, na san ba da mu yake magana ba. Iska mai ƙanshin ruwa ta taso, muna nan shiru kamar yadda ya ce, har na ga bakin sandar ya sunkuya ya shiga kogi.

"Kawu?"

Dijatu ta girgiza mini kai. Na yi salati. Ita ta shafe masa idanu, ta zare sandar daga hannunsa. Ta kama abin naɗe igiya da ke jikin sandar, ta juya nan ta juya can, ya ƙi, ni ma ban san kansa ba. Sai ta kama jiƙaƙƙiyar igiyar ta fara naɗe ta a tafin hannunta, a hankali, kansa yana kan kafaɗarta.