Barka a Kan Gawa

"Ɗaga mata kai mana, Nanret, ruwan duk a wuyanta yake zuba!"

Raki ce ta faɗa, da tsawar da ta fi ƙarfin ɗakin. Kaka Malini, tsohuwa 'yar Sri Lanka da ke ɗakin ƙasa na benen da su Raki ke haya, tana kwance ko haɗiya ba ta iyawa, amma hannunta na cikin na Nanret, sabuwar maƙwabciyarsu. Abin da ke cin Raki ke nan. Shekara da shekaru ita ce mai raka ta wurin likita, mai sauko mata da kunun gyaɗa, yau ga baƙuwar jiya ta zama 'yar gaban goshi. Kuma gidan hayar council, wato ƙaramar hukuma, da Raki ta gaji da jira, mai lambu a baya, nan cikin unguwar Erdington, Nanret aka ba. Har yau Raki ba ta yi mata barka ba. Kalmar ta maƙale mata a wuya kamar ƙayar kifi.

Abin haushin, Raki ce ma ta koya wa tsohuwar kalmar. Kaka mabiyar addinin Buddha ce. Kullum da safe takan zauna kan matashi, ta kunna 'yar fitilar mai, ta rufe ido tana taya mutane murna a zuci: direban bas da ya yi jika, maƙwabcin da ya warke. Wai zuciya ma sai da horo. Da ta tambayi yadda ake faɗa da Hausa, Raki ta ce barka. Shi ke nan, har masu kwashe shara suka riƙa shan barka.

Nanret ta fita kiran nurse. Kaka ta buɗe ido ɗaya.

"Kin yi mata barka?" ta tambaya da Turanci, muryar can ƙasa.

"Kaka, ki huta."

"Baki ya fara, zuciya za ta biyo."

Raki ta kasa daurewa. "To me ya sa hannunta kike riƙewa, ba nawa ba?"

"Tsoro take ji. Ba ta taɓa ganin mutuwa ba. Ke kin gani."

Raki ta taɓe baki. Daɗin baki dai, in ji zuciyarta.

Nanret ta dawo, amma kafin nurse ta iso, da la'asar sakaliya, Kaka ta cika, hannunta cikin na Nanret. Raki ce ta rufe mata ido, ta gyara mata kai. Ta juyo za ta ce Allah ya ba mu haƙuri, sai ta ji bakinta ya ce, "Barka."

Nanret ta zaro ido cikin hawaye. "Barka kuma, Yaya Raki? A kan gawa?"

"Gidan nake nufi. Barka da samun gida."

Ɗaci ta ji a harshenta, gaskiya, don har yanzu tana hango lambun nan da alayyahon da ta so shukawa.  Nanret ta zare hannunta a hankali daga na Kaka ta miƙo wa Raki. Sanyi ƙalau. Raki ta riƙe.

A bakin taga 'yar fitilar na ci. Matashin na nan ƙasa, tsakiyarsa a lotse.